Ba Jini, Ba Suma, Amma Kai Ya Bugu

'Yan'uwa manoma, da wuya shekara ta ƙare ba a sami wani a ƙungiyarmu da kansa ya bugu ba. Wani ya faɗo daga kan rumbu, wani daga bishiyar ɗorawa, wani sa ya tunkuye shi, wani kuwa babur ya kayar da shi a hanyar kasuwa. Mukan duba ko akwai jini. In babu, sai mu ce an auna arziki, a koma aiki.

To, ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi, tana cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu da ƙarfi, takan girgiza har ta bugi ƙashi daga ciki. Kuma yawancin masu irin wannan rauni ba sa suma ko kaɗan.

Wahalar takan fito daga baya, wani lokaci sai gobe ko jibi: ciwon kai, jiri, mantuwa, rashin barci, ido ba ya son hasken rana. Mai haƙuri ya koma mai saurin fushi. Yaro mai ƙoƙari ya kasa riƙe karatu. A nan ne muke yi musu rashin adalci. Mu ce ragonci ne, ko taurin kai, wasu ma su ce sammu ne, alhali ba wanda ya tuna da faɗuwar makon jiya.

Yawancin manya sukan warke cikin mako 2, yara kuwa sukan kai mako 4. Abin da ake bukata shi ne hutu na kwana 1 ko 2, sa'an nan a koma aiki kaɗan-kaɗan. Kada ya hau babur ko bishiya, kada ya sha giya, domin bugu na biyu kafin na fari ya warke ya fi haɗari. In da ciwon kai, a ba shi farasitamol, ban da asfirin, gama yana iya ƙara zubar jini. Ƙungiya kuma ta ɗauke masa aikin gayya ba tare da tara ba.

Game da babur, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano tana iya rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da kashi 74 cikin 100. Da aka tilasta sa ta a Nijeriya a 2009, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka kifa a ka. Ƙwarya dai ta fura ce.

Lalle a tafi asibiti nan da nan idan mutum yana ta amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko yana jijjiga, ko ɓarin jikinsa ya yi sanyi, ko ruwa yana fita ta hanci ko kunne, ko an kasa tashe shi daga barci. A lura da tsofaffi musamman. Jini yana iya taruwa a hankali cikin kansu, sai bayan makonni su fara ruɗewa ko tangaɗi. In kun kai su, ku gaya wa likita ranar da suka faɗi.