Sunan kira da matsayin mace a fagen kimiyya

1. Shimfiɗa

Wannan maƙala tana duba yadda ake kiran mace mai aikin kimiyya, da abin da kiran yake janyo wa darajar aikinta. A 1993 Margaret Rossiter, manazarciyar tarihin kimiyya a Amurka, ta raɗa wa ɗabi'ar jingina aikin mace ga abokin aikinta namiji suna "tasirin Matilda". Misalin da aka fi kawowa shi ne na Lise Meitner: ita da Otto Frisch suka yi bayanin tsagewar ƙwayar atam a 1939, amma Otto Hahn kaɗai aka ba lambar Nobel ta 1944.

2. Abin da bincike ya nuna

Wani bincike na 2017 a asibitin Mayo ya ƙirga yadda ake gabatar da likitoci masu lacca. Idan namiji ne mai gabatarwa, yakan ce "Dokta" ga namiji kashi 72 cikin 100, ga mace kuwa kashi 49. A 2018 Atir da Ferguson na Jami'ar Cornell suka gano cewa kiran masani da sunan zuri'a kaɗai ya fi faɗa wa maza fiye da ninki biyu, kuma wanda aka kira haka ana ɗaukar sa ya fi shahara, ya fi cancantar lambar yabo. Ke nan kira yana shafar hukunci.

3. Faransanci

Faransanci yana raba mace da Madame da Mademoiselle bisa aure, namiji kuwa Monsieur ne kullum. Sai a 2012 gwamnatin Faransa ta cire Mademoiselle daga takardun hukuma, kuma sai a 2019 Académie française ta amince da siffar mace ta sunayen sana'o'i. A Nijar tsarin "Madame wane née wance" yana da illa ta musamman: malamar da ta wallafa aiki da sunan mahaifinta, bayan aure ta koma ga na miji, ayyukanta sukan rabu gida biyu a kundin laburare.

4. Hausa

Nahawun Hausa bai rasa siffar mace ba: malam da malama, marubuci da marubuciya, manazarci da manazarciya. Cikas yana wajen kalmomin aro irin su likita, injiniya da farfesa, inda ake ƙara "mace", kamar asalin kujerar ta namiji ce. Haka kuma a taro akan ce "Dokta wane", amma a ce "Hajiya" ko "uwargida" ga takwararsa. Girmamawa ce, sai dai tana ambaton hajji ko aure, ta ɓoye digirin.

5. Kammalawa

Muna ba da shawarar sashe ya bi ƙa'ida ɗaya wajen gabatar da malamai maza da mata: laƙabin ilimi, sannan cikakken suna. Kuma kowace ɗaliba ta zaɓi sunan wallafa ɗaya tun daga kundinta na farko, ta riƙe shi.