Rashin barci: Maganin ba ya cikin kemis

Bahaushe ya ce barci ɓarawo ne, amma akwai gidajen da wannan ɓarawo ya daina shiga ko da an bar masa ƙofa a buɗe, kuma shekara bakwai ke nan gidana na cikinsu. Mai karatu, ba daren da zafin bazara ko ƙarar janareton maƙwabci ya hana ka runtsawa nake nufi ba. Abin da likitoci ke kira rashin barci mai naci shi ne mutum ya kasa yin barci, ko ya farka ya kasa komawa, aƙalla dare 3 a mako har tsawon wata 3, abin kuma ya riƙa taɓa aikinsa da rana.

Shawarwari kam na sha su. Wannan ya ce madara da zuma, wancan ya ce shayin na'a-na'a, wani abokin aiki kuma ya raɗa mini sunan ƙwayar da zan karɓo a kemis ba tare da takardar likita ba. Wannan shawara ta ƙarshe ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Diazepam, wadda aka fi sani da Valium, tana kawo barci, amma cikin 'yan makonni jiki ke sabawa da ita ya nemi ƙari, kuma wanda ya daɗe yana sha idan ya yanke ta farat ɗaya yana iya faɗuwa da jijjiga. Shi ya sa likitoci ba sa son a wuce mako 2 zuwa 4 a kanta. Mu da muka ga ɓarnar da maganin tari mai kodin ya yi wa matasanmu, har Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi a 2018, bai kamata mu ɗauki ƙwayar barci da wasa ba.

Abin da ya sassauta mini ba haɗiyarsa ake yi ba. A 2016 ƙungiyar likitoci ta American College of Physicians ta ba da shawarar a fara yi wa mai wannan larura magani ta hanyar gyaran tunani da ɗabi'a kafin a kai ga ƙwaya. Ƙa'idojin na da sauƙin faɗa, da wuyar bi: kada ka hau gado sai barci ya kama ka, idan ka yi kamar minti 20 ido biyu, tashi ka koma falo har ya zo, ka tsayar da lokacin tashi guda, ko da daren ya yi muni. A nan Sallar Asuba babbar gata ce gare mu, muddin ba a koma an kwanta har hantsi ba. Sai kuma goro da shayi da kofi: rabin sinadarin kafin da ke cikinsu yana nan a jini bayan kimanin awa 5, don haka goron La'asar na iya bin mutum har shimfiɗa.

Saura abin da muke jin kunyarsa. Sau da yawa rashin barci ɗan aiken damuwa ne ko ciwon baƙin ciki, amma ɗan boko ya gwammace ya yi shekaru yana haɗiyar ƙwaya a ɓoye da a hango motarsa a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato. Alhali can ne masana abin suke, kuma wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwon ba zai ɓoye shi ba. A yi addu'a, a kuma ga likita. Allah Ya ba mu lafiya da barci mai daɗi, amin.