Tsohon Katin Hoto Ba Ya Buƙatar Sabon Direba: Hattara da Abin da Kake Saukewa

Duk wanda ya taɓa kai kwamfutarsa aka yi mata fomatin ya san wannan yanayi. An ɗora Windows, an kunna, sai ka ga komai ya kumbura: rubutu ya yi manya-manya, fuskar mutum a hoto ta yi faɗi, bidiyo na tafiya yana cijewa, a laftof kuma maɓallin rage haske ya daina jin magana. Wasu sai su ce sikirin ne ya lalace, wasu su fara zargin mai gyara da musanya musu kaya. Galibi babu ko ɗaya daga ciki. Katin hoto ne ya rasa direbansa.

Katin hoto shi ne sashen da ke zana duk abin da idonka ke gani a sikirin. A wasu kwamfutocin tebur kati ne mai zaman kansa da ake sokawa a ciki, a yawancin laftof kuwa a haɗe yake da sauran kayan. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kasuwar: NVIDIA, da Intel, da AMD wanda ya saye kamfanin ATI a 2006. Shi kuma direba ƙaramar manhaja ce da ke aikin tafinta tsakanin Windows da katin. In babu shi, Windows kan yi maneji da wani na gama-gari, wanda za ka ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter, ko Standard VGA Graphics Adapter a Windows 7. Zai nuna maka hoto, amma iyakarsa ke nan.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin mafi yawan kwamfutocin da ke shagunan buga takardu, da makarantu, da hannun ɗalibai, na hannu ne da aka gama amfani da su a Turai da Amurka. Da yawansu sun haura shekara goma. Kamfanonin da suka ƙera katunan da ke cikinsu kuwa tuni suka rufe littafinsu.

Katunan NVIDIA irin su GeForce 8400 GS da 9500 GT da GeForce 210, direbansu na ƙarshe a Windows shi ne mai lamba 342.01, wanda ya fito a Disambar 2016. Na bayansu, wato jerin 400 da 500 kamar GT 430 da GTX 560, sun tsaya a 391.35 na watan Maris 2018. Yawancin katunan tebur na jerin 600 da 700 an daina yi musu sabon aiki a 2021, aka ci gaba da toshe musu kafofin tsaro kawai zuwa Satumbar 2024. A ɓangaren AMD, jerin Radeon HD 5000 da 6000, ciki har da HD 5450 da ta cika tsofaffin kwamfutocin ofis, an ajiye su a Nuwambar 2015, kuma Catalyst 15.7.1 shi ne tsayayyen direban da aka bar musu. HD 7000 zuwa R9 sun bi sahu a 2021. Intel HD Graphics 3000, wanda ke cikin Core i3 da i5 da i7 na 2011, Intel bai sa shi cikin waɗanda yake tallafa wa a Windows 10 ba, ko da yake Windows Update kan kawo wani tsohon direba da ke aiki daidai gwargwado.

Ban jero waɗannan lambobi don a haddace su ba. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne: tsohon kati yana da direbansa na ƙarshe, kuma wannan na ƙarshen shi ne daidai da shi. Idan ka ga wani shafi yana tallar “sabon direban bana” na katin da mai shi ya sallama tun 2016, to ka tambayi kanka wa ya rubuta shi. Ba NVIDIA ba ne dai.

A nan tarkon yake. Mutum ya rubuta sunan katinsa a Google, sai shafuka su yi masa caa, wasu ma talla ce aka biya kuɗi ta hau sama da shafin kamfanin na gaskiya. Kowanne da ƙaton koren maɓalli. Ka danna, a maimakon direba sai a ba ka wata manhaja da za ta “duba” kwamfutarka, ta ce ta gano direbobi barkatai da suka tsufa, ta nuna maka ja ko'ina, sannan ta nemi lambar katin bankinka kafin ta gyara. Masu sauƙin cikinsu talla kawai za su cika maka da ita, su canza maka shafin farko na burauza. Miyagun kuwa sata suka zo yi. A 2022 masu binciken tsaro sun bankaɗo shafukan bogi da dama da suka kwaikwayi na MSI Afterburner, wata sananniyar manhajar katin hoto. Wanda ya sauke daga can sai ya kwaso manhajar da ke haƙar kuɗin kirifto da na'urarsa a ɓoye, haɗe da wata mai kwashe kalmomin sirri da aka adana a burauza.

Dalilin da ya sa direba ya fi sauran manhajoji haɗari shi ne wurin zamansa. Manhajar rubutu ko ta kallon bidiyo tana da iyakar da Windows ta shata mata. Direba kuwa a can cikin zuciyar Windows yake aiki, inda babu ƙofar da ke rufe gare shi. Shi ya sa kuskure ɗaya a cikinsa ke iya jefa kwamfuta cikin shuɗin sikirin, shi ya sa kuma Windows mai 64-bit ba ta karɓar direban da ba shi da sa hannun mai shi. Duk wanda ya ce maka ka kashe wannan kariya, ko ka kashe maganin bairos “na ɗan lokaci” don direbansa ya shiga, ka bar shafinsa nan take. Sa hannun ma ba shi kaɗai ne abin dogaro ba: a farkon 2022 gungun masu kutse da ake kira Lapsus$ sun shiga rumbun NVIDIA, suka saki tsofaffin takardun sa hannun kamfanin, aka kuma riƙa amfani da su wajen yi wa miyagun manhajoji rigar halal. Saboda haka inda ka samo fayil ɗin shi ne abin dubawa na farko.

To, ta ina za a fara? Da sanin ainihin katin, ba abin da aka rubuta a kwali ko a sitika ba. Buɗe Device Manager, ka duba ƙarƙashin Display adapters. In sunan gama-gari ka gani, danna shi sau biyu, ka shiga Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga dogon layi mai VEN da DEV. Lambar da ke bin VEN ita ce ta kamfani: 10DE na NVIDIA ne, 1002 na AMD, 8086 na Intel. Wadda ke bin DEV ita ce ta samfurin katin. Akwai kuma ƙaramar manhaja kyauta mai suna GPU-Z daga TechPowerUp da ke fayyace komai a shafi ɗaya.

Wannan bincike ba ɓata lokaci ba ne, kuma GT 730 ta isa misali. Suna ɗaya ne, amma NVIDIA ya sayar da shi da ƙwaƙwalwa iri biyu: wasu na ƙirar Fermi ne, masu tsayawa a 391.35, wasu na ƙirar Kepler da ke karɓar direbobin da suka zo bayan haka. Mutum biyu za su iya riƙe GT 730, direban da ya yi wa ɗaya aiki ya ƙi shiga ta ɗayan. Akwai kuma katunan jabu, inda ake ɗaukar tsohuwar GTS 450 a sauya mata bayanan ciki ta riƙa kiran kanta GTX 1050 Ti. Irin wannan kati sabon direba ba ya zama a kansa lafiya, shi ya sa mai sayarwa kan haɗa ka da faifan direba “na musamman”. GPU-Z kan tona asirin da yawa daga cikinsu. Wanda zai sayi kati na hannu ya nemi a gwada masa a gabansa kafin kuɗi su bar aljihunsa.

Bayan ka san katin, tafi gidan mai shi. NVIDIA da AMD suna ajiye tsofaffin direbobinsu a shafukansu, kyauta. Rubuta adireshin da hannunka, kada ka bi ta talla. Ka tabbatar ko Windows ɗinka 32-bit ce ko 64-bit, domin NVIDIA ya daina fitar da na 32-bit tun 2018. Mai laftof ya fara duba shafin HP ko Dell ko Lenovo da lambar samfurin na'urarsa, musamman in tana da kati biyu, na Intel da na NVIDIA ko AMD. A irin wannan, na Intel ake fara sakawa.

Ɗorawar kanta ba wuya. Ka kwafe muhimman takardunka, ka sa Windows ta ajiye Restore Point, ka kuma tabbatar wuta ba za ta yanke maka aiki a tsakiya ba: laftof ta cika da caji, ta tebur kuma a kan UPS ko janareta. In akwai ragowar wani direba da aka yi ta cusawa a baya, a share shi tukuna. Masu gyara na amfani da Display Driver Uninstaller a cikin Safe Mode don wannan. Cire intanet kafin ka fara, don kada Windows Update ta sako nata a tsakiyar aikinka. Sikirin zai yi ƙiftawa, ya yi baƙi na ɗan lokaci, wannan ba komai ba ne. In ya yi baƙi ya ƙi dawowa, danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare, wanda ke sake tayar da direban hoto. In bai yi ba, shiga Safe Mode, ka koma Device Manager, ka zaɓi Roll Back Driver ko ka cire shi gaba ɗaya. Babu dalilin sake fomatin saboda wannan, ko da an ce maka sai an yi.

Sai dai ba kowace cuta ce ta direba ba, kuma a nan mutane suka fi asarar kuɗi da data. Idan layuka ko ɗigo-ɗigo masu launi suna bayyana tun daga tambarin kamfani, kafin Windows ta tashi, to matsalar a jikin na'ura take, katin ko sikirin ko wayarsa, domin a lokacin direba bai fara aiki ba. Haka in ka saka direban da ya dace, amma Device Manager ya nace da nuna Code 43, akwai yiwuwar katin ya gaji. Zafi ne babban makashinsa. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ta kan bushe, sannan zafin bazara ya ƙarasa aikin. Wasu ma da laifinsu suka fito daga masana'anta: a 2008 NVIDIA ya ware kusan dala miliyan 200 saboda ƙwaƙwalen laftof irin su GeForce 8400M da 8600M, waɗanda haɗin dalmarsu ke tsagewa da yawan zafi da sanyi, abin da ya shafi na'urorin HP da Dell da Apple. Hura musu iska mai zafi da wasu masu gyara ke yi kan farfaɗo da su, amma sau da yawa na ɗan lokaci ne. Mai gyara na kirki zai faɗa maka haka kafin ya karɓi kuɗinka.

Akwai kuma batun Windows ɗin kanta. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a 14 ga Janairun 2020, ya kuma sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum. Windows 11 tana neman kati mai jituwa da DirectX 12 da direba na zamani, abin da yawancin waɗannan tsofaffi ba su da shi. Ana iya tilasta mata shiga, amma a ganina wahala ce kawai mutum zai saya. Wanda aikinsa bai wuce rubutu da intanet da kallon bidiyo ba, ya gwada Linux Mint ko makamancinta. Tana zuwa da direbobin Intel da AMD a cikinta, da kuma wani mai suna nouveau na tsofaffin katunan NVIDIA, kuma ana iya gwada ta daga filas ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba.

In kuwa Windows za ka ci gaba da riƙewa, to ranar da ka dace da direban da ya zauna lafiya, kwafe fayil ɗin a filas, ka rubuta sunan katin da lambar direban a takarda ka manna a jikin kwamfutar. Duk lokacin da za a sake yi mata fomatin, ka miƙa wa mai gyara filas ɗin, ka ce masa wannan za a saka.