Bindigar Cekof da Akwatin Lefe: Aikin Kaya a Cikin Labari

Yau hirar tamu da marubuta ce, musamman masu sakin labari a WhatsApp da Wattpad.

Kun lura da yadda ake cika mana shafi da lissafin kaya? Akwatin lefe goma sha biyu, mota kaza, waya kaza, turare kaza. Mai karatu ya gama shafi uku, labari bai motsa ba. To ina amfanin?

Marubucin nan na Rasha, Anton Cekof, wanda ya rasu a 1904, yana da wata ƙa'ida: in ka rataye bindiga a bango a farkon wasa, to lallai a harba ta kafin a tashi. In ba za a harba ba, cire ta. Wato duk abin da ka sa mai karatu ya zuba wa ido, alkawari ka ɗauka.

Ku dubi Otelo na Shekspiya. Hankici ɗaya tal, kyautar da Otelo ya ba matarsa Dasdimona. Ya faɗi, ya shiga hannun Iyago, shi kuma ya ajiye shi a ɗakin Kasiyo. Hankicin bai canza ba fa, ma'anarsa ce ta canza: jiya shaidar soyayya, yau shaidar zargi, har ta kai Otelo ga kashe matar da ba ta yi laifin komai ba.

Mu ma muna da namu. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da ya fito a 1934, neman ruwan nan shi ya raba Alhaji Imam da gida, shi ya dawo da shi. Cire ruwan, tafiyar ta watse.

Saboda haka kafin ka saka wani abu, tambayi kanka: na wane ne? Me zai faru in ya ɓace? Hannun wa zai koma? Lefe goma sha biyu ado ne kawai. Amma akwati ɗaya da aka mayar gidan ango bayan an fasa aure, uwar amarya na tsaye a zaure ta kasa magana, wannan kam labari ne.

'Yar'uwa, ɗan'uwa, buɗe babin da ka rubuta jiya. Duk kayan da ba ya aiki, goge shi. Guda ɗaya ka bari, ka ba shi aiki.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.