"An Gwada Shi a Jami'a": Tambayi Mai Magani, a Jikin Wa Aka Gwada?

Ranar kasuwa a Dutsin-Ma ko Kurfi da wuya ka rasa motar mai magani da lasifika a kan rufinta. A gabanta an shimfiɗa tabarma, an jera ƙulle-ƙullen gari a leda, da sassaƙe, da saiwoyi, da jarkoki cike da jiƙo jawur. Da can kirarin bai wuce "na gada wajen kakana" ba. Yanzu an yi masa ƙari: "Wannan an gwada shi a jami'a." Da jin haka sai hannu ya nufi aljihu. Magori dai wasa kanka da kanka, amma kafin ka barbaɗa garin nan a kan gyambon ƙafarka, ya kamata ka san abin da "an gwada" ke nufi, domin gwaji hawa-hawa ne.

Gaskiya ne ana binciken itatuwanmu. A Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, da tsangayar harhaɗa magunguna ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, malamai da ɗalibai sukan bi masu maganin gargajiya su tambaye su abin da suke sa wa rauni da kumburi, su ɗebo itatuwan su kai ɗakin gwaje-gwaje. Abin ma ya daɗe. Tun 1916 wani likita Bature mai suna Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi, masana kuma sun liƙa sunansa a jikin sunan kimiyya na bishiyar hano, wato ararraɓi, 'yar'uwar itacen da ake samun lubban daga gare shi. Bagaruwa, sabara, marke, kalgo, darbejiya, lalle, duk an sha ɗora su a teburin bincike.

Yadda gwajin yake tafiya

Matakin farko shi ne tabbatar da itacen, domin suna ɗaya yakan hau kan tsirrai biyu daga gari zuwa gari. Daga nan a shanya ganye ko ɓawon a inuwa, a niƙa, a jiƙa a ruwa ko a sinadarin da ke tsotso ƙarfinsa, a tace, a busar har sai ɗan ƙanzo ya rage. Wannan ƙanzon ake gwadawa, a awo na miligiram, ba cikin cokali ko "ɗan yatsa uku" ba.

Mataki na biyu a faranti ake yinsa. Akan shuka ƙwayoyin cutar da ke sa rauni ya yi mugunya a wani ɗan farantin gilashi, a ɗiga maganin a tsakiya, a bar shi ya kwana a ɗumi. Idan da safe aka ga fili ya zagaye ɗigon, babu ƙwayar cuta a cikinsa, sai a auna faɗinsa da rula.

Mataki na uku ɓeraye ne. A sa wa ɓera maganin barci, a aske bayansa, a yanke 'yar fata mai girman da aka sani. A kasa ɓerayen gida-gida: waɗannan a shafa musu maganin itacen, waɗancan maganin asibiti, wasu kuma a bar su haka nan. Duk bayan 'yan kwanaki a auna yadda bakin raunin ke tsukewa, har mako biyu ko uku. Don gwajin kumburi kuwa, akan yi wa ɓera allurar da ke kumbura tafin ƙafarsa, a riƙa auna kaurin ƙafar sa'a bayan sa'a, a kwatanta da na ɓeran da aka ba diklofinak. Akwai kuma gwajin guba: nawa za a ba dabba kafin hanta ko ƙodarta ta taɓu?

Mataki na huɗu, wanda shi ne alƙali, gwaji ne a jikin mutane: marasa lafiya da suka amince, likitoci na sa ido, ana kwatantawa da maganin da aka riga aka sani. Yana cin kuɗi da shekaru, shi ya sa akasarin binciken da ɗalibanmu ke yi yake tsayawa a faranti ko a ɓera. Ɓera kuwa ba mutum ba ne. Fatarsa sako-sako ce, rauninsa yakan rufe ne ta hanyar tsukewa, ga shi a keji mai tsabta, ba ya shiga fadama, ba shi da ciwon suga. Don haka "ya yi aiki a jikin ɓera" albishir ne ga mai bincike ya ci gaba, ba izini ba ne ga mai talla.

Darasin bagaruwa da tumfafiya

Duk wanda ya taɓa leƙa majema ya ga aikin bagaruwa. Fata ɗanya mai santsi takan shiga ruwanta ta fito a ƙanƙame, ba ta ruɓewa. Sinadarin tanin ne ke wannan aiki, shi ne kuma ke sa garin bagaruwa ya busar da rauni mai tsatsafar ruwa. Kakanninmu ba su yi ƙarya ba. Amma ga abin da ya faru a Amurka: a 1925 wani likita, Edward Davidson, ya fara shafa tanin a jikin masu ƙuna, asibitoci suka ɗauka saboda yana busar da ciwo nan da nan. Sai a shekarun 1940 aka lura cewa wasu masu babbar ƙuna da aka yi wa haka hantarsu tana lalacewa, aka daina. Ido ya ga ɓawo ya bushe a sama, bai ga ɓarnar da ke ciki ba. Abin da ya dace da ɗan ƙaramin yanka ba lalle ya dace da rabin bayan yaro da tafasasshen ruwa ya saɓule ba.

Tumfafiya kuma, da ke cike da bakin hanya da kangaye, masu bincike sun ga alamun rage kumburi a cikin ruwanta. Wannan farin nonon nata dai idan ya faɗa ido yakan dusashe gani, yana kuma ɗauke da sinadaran da ke dagula bugun zuciya. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Wannan ba raina maganin gargajiya ba ne. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu a asibiti yau asalinta wani jinsin tazargade ne na ƙasar Sin, kuma Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a 2015 saboda gano sinadarinsa. A nan gida, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar da Niprisan don masu sikila daga haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi. Dukansu sai da suka bi matakan nan har zuwa jikin ɗan Adam kafin su zama abin da likita zai rubuta.

Lambar NAFDAC fa?

Da yawa suna ɗauka lambar NAFDAC a jikin kwalba shaida ce cewa maganin yana warkarwa. Ga yawancin magungunan gargajiya, lambar da ke ƙarewa da harafin L tana nufin an duba cewa abin ba ya cutarwa nan take, ba wai an tabbatar da abin da mai shi ke iƙirari ba. Shi ya sa ake rubutawa a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Wanda babu lamba, babu sunan mai haɗawa, babu ranar lalacewa, wannan kasada ce tsagwaronta. A ƙasashe da dama an sha kama jiƙon "ciwon gaɓoɓi" da aka narka ƙwayoyin asibiti a ciki a ɓoye. Kumburi zai sauka a kwana ɗaya, a yaba wa itace, ƙoda da ciki su biya bashin daga baya.

Raunukan da ba a jinkiri da su

Manomin da magirbi ko fartanya ta sare shi a gona, abin farko ba tauna ganye ba ne. A danne wurin da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai yawa mai tsabta, a rufe. Ƙwayar cutar sarƙewar haƙora tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana kuma iya yin kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana. Babu garin da ke hana ta. Allurar rigakafi ce ke yi. Garin da aka shanya a ƙasa, kaji da awaki suka bi ta kai, shi kansa yana iya kai ta cikin raunin.

Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi na minti 20, ban da manja, gishiri, toka ko man goge baki. Cibiyar jariri kada a sa mata toka ko wani gari. Akwai man kulohekzidin da ake bayarwa a asibiti. Mai ciwon suga ko sikila da ya ga ƙurji a ƙafa, kada ya jira ya zama gyambo. Cizon kare ko sarar maciji kai tsaye asibiti. Haka duk raunin da ya fara wari, ko mugunya, ko jansa yana yaɗuwa, ko ya zo da zazzaɓi. Idan kuma ka riga ka sa wani abu, faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya. Ba a ɓoye wa wanzami inda ke ciwo.

Masu maganin da suka gaji sana'ar, su buɗe wa masu bincike ƙofa, su kuma nemi a rubuta sunansu da haƙƙinsu a duk abin da aka gano. Masu bincike su riƙa komawa ƙauyukan da suka ɗebo ganyen, su faɗa wa mutane sakamako da Hausa, har da wanda bai yi daɗin ji ba. Kai kuma mai saye, in ka sake jin "an gwada a jami'a", matsa kusa da tabarmar cikin ladabi ka ce: "Baba, wace jami'a? A faranti, ko a ɓera, ko a jikin mutum? Kuma nawa ne awonsa?" Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda ya ƙara ƙarar lasifika maimakon ya amsa, ka mayar da kuɗinka aljihu.