Gyatsar shanu da ɗumamar yanayi: yaya ake lissafin laifi?

A shekarar 2024 ƙasar Denmak ta cimma yarjejeniyar sanya wa manomanta haraji kan iskar da dabbobinsu ke fitarwa, wanda zai fara aiki a 2030. Ita ce ƙasa ta farko da ta ɗauki irin wannan mataki.

Iskar da ake magana a kai ita ce metan. Shanu da tumaki da awaki, wato dabbobi masu tuƙa, suna da ƙananan halittu a cikin tumbinsu waɗanda ke ruɓar da ciyawa domin ta narke. A nan ne iskar ke samuwa, kuma akasarinta ta hanyar gyatsa take fita, ba ta baya ba kamar yadda mutane da dama ke zato.

Masana kimiyya sun ce a cikin shekaru 20 metan na riƙe zafi kimanin ninki 80 na iskar kabon. Sai dai ba ta daɗewa a sararin samaniya, domin cikin shekaru 12 ko makamancin haka take bajewa. Wannan ne ya sa ake ganin rage ta a matsayin hanya mafi sauri ta sassauta ɗumamar yanayi. A taron Glasgow na 2021 ƙasashe fiye da 100 sun yi alkawarin rage ta da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030. Najeriya ta shiga cikin alkawarin, amma Indiya da China ba su sa hannu ba.

Ma'auni uku

Gardamar da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta ta ta'allaƙa ne kan yadda ake yin lissafi.

Idan aka auna saniya da saniya, ta Amurka ce mai laifi. Tana da girma, tana cin abinci da yawa, kuma takan fitar da metan fiye da kilo 100 a shekara. Saniyar makiyayi a yankin Sahel ba ta kai rabin haka ba.

Amma idan aka auna da madara, sai reshe ya juya da mujiya. Saniyar Amurka na ba da fiye da lita 10,000 a shekara, yayin da Bunaji mai kiwon daji ba a cika tatsar fiye da lita ɗaya ko biyu daga gare ta a rana ba. Busasshiyar ciyawar rani tana da wuyar narkewa, saniyar takan rame kafin damina, kuma karsana kan kai shekara huɗu kafin haihuwar fari, alhali a Turai shekara biyu ne. Duk tsawon wannan lokaci tana gyatsa ba tare da ta ba da nono ba. Saboda haka Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta gano cewa kowace lita ta madara a Afirka kudu da Sahara na zuwa da iska mai ɗumama yanayi ninki da dama fiye da ta Turai ko Amurka.

Ma'auni na uku shi ne yawan naman da madarar da kowane mutum ke ci, kuma a nan mazauna ƙasashe masu arziki sun yi wa talakan Afirka fintinkau.

Akwai kuma abin da lissafin lita ba ya gani. Saniyar makiyayi ita ce bankinsa, sa na huɗa, kashinsu taki ne, kuma suna kiwo a ƙasar da hatsi ba zai yi ba. Hatta alƙaluman kansu an daɗe ana ƙiyasta su ne bisa nazarin dabbobin Turai da Amurka, abin da ya sa cibiyar binciken dabbobi ta ILRI da ke Nairobi ta shiga auna shanun Afirka kai tsaye.

Magani da tsadarsa

A ƙasashe masu arziki ma lamarin bai zo da sauƙi ba. A New Zealand, inda kusan rabin iskar da ƙasar ke fitarwa daga aikin gona take, gwamnatin Jacinda Ardern ta gabatar da shirin haraji a 2022. Manoma sun yi zanga-zanga, kuma gwamnatin da ta biyo baya ta soke shirin a 2024.

An kuma samar da wani sinadari mai suna Bovaer, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2022, kuma yakan rage metan na shanun madara da kusan kashi 30 cikin ɗari. To amma dole a riƙa haɗa shi cikin abincin dabba kowace rana, abin da ba zai yiwu ba ga garken da ke tafiya daga Zamfara zuwa Binuwai neman ciyawa.

Abin da masana ke ba irin waɗannan makiyaya shawara ba baƙo ba ne gare su: tanadin harawa da dusa domin bazara, rigakafin ciwon huhu, maganin sammore, da ruwan sha kusa da makiyaya. Saniyar da ba ta rame ba takan haihu da wuri, ta kuma ba da nono mai yawa, don haka iskar da ke kan kowace lita sai ta ragu. Najeriya, mai shanu kimanin miliyan 20, ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi ta tarayya a 2024, kuma irin waɗannan ayyuka na cikin abin da ake sa ran za ta sa a gaba.