Bakin Caja Ya Shiga, To Wutar Fa?

Duk wanda ya ratsa kasuwar Computer Village da ke Ikeja, ko Alaba, ko kuwa Farm Centre ta Kano, ba zai rasa ganin tire cike da 'yan ƙananan mahaɗan nan da ake kira adafta ba. Wani kai biyu gare shi, wani uku, wani kuwa igiya ɗaya ce ta rabu gida goma kamar saiwar gamji, kowane reshe da irin bakinsa. Mai saye tambaya ɗaya tak yake yi, watau ko zai shiga wayarsa. In ya shiga, ciniki ya faɗa. Alhali kuwa shigar baki daban, dacewar wuta daban.

Masu karatu za su tuna cewa sa'ad da wayar salula ta GSM ta iso Nijeriya cikin watan Agusta 2001, kowane kamfani da irin cajarsa. Nokia kaɗai ta yi iri biyu, waɗanda jama'a suka laƙaba wa babban baki da ƙaramin baki, ga kuma na Motorola da Samsung da Sagem. Baƙo kan sauka gidanka, kafin ya nemi ruwan sha sai ya tambayi irin cajarka. Cikin 2009 manyan kamfanoni suka rattaba hannu kan yarjejeniya da Tarayyar Turai cewa za su koma ga baki ɗaya mai suna Micro-USB, abin da ya rage ire-iren caja daga 30 da ɗoriya zuwa 3. Apple ta fito da nata, Lightning, a 2012, sa'an nan USB-C ya bayyana a 2014. Daga bisani Turai ta yi doka, wadda ta fara aiki ran 28 ga Disamba 2024, cewa duk sabuwar wayar da za a sayar can sai ta zo da USB-C. Ita ma Apple ta bi sahu tun 2023.

Amma wannan dokar Turai ce. Mu nan tsofaffin wayoyi na hannu da 'yan ƙanana masu madannai suna nan jibge, don haka kasuwar adafta ba ta mutu ba. Bugu da ƙari, ga rashin wutar lantarki, wanda ya koya wa mutanenmu neman caji a duk ramin da suka gani: bayan talabijin, rediyon mota, fanka mai caji, fitilar sola, har ma da wayar maƙwabci.

Yawancin waɗannan ramuka ba sa ɓata waya, sai dai su ɓata lokaci. Wutar lantarki kamar ruwan famfo take, akwai ƙarfin turi, shi ne bolt, akwai kuma yawan abin da ke zubowa, shi ne amfiya. Tsohon ramin USB na kwamfuta ko talabijin bolt 5 yake bayarwa da rabin amfiya, watau wat 2.5 ke nan. Babbar waya mai batirin 5,000 ba za ta cika da wannan ba sai ta haura awa 7, in ma ba a taɓa ta ba. Ramin HDMI kuwa, wanda aka yi don hoto, abin da ƙa'ida ta wajabta masa bai wuce kusan kashi 1 cikin 9 na wancan ba, saboda haka duk mahaɗin da aka ce zai yi maka caji ta nan, ɗiban ruwa ne da cokali. Gaskiya ne an taɓa yin na'urar da ake caja ta ramin abin sauraro, watau iPod Shuffle ta 2006, amma ita tun daga masana'anta haka aka tsara ta.

Inda haɗari yake shi ne inda ido ba ya gani. Batirin mota bolt 12 ne, kuma cajar mota ta ƙwarai tana da abin da ke sauko da shi zuwa 5. Wanda ya yanke igiya ya ɗaura kai tsaye ya yi sallama da wayarsa. Shi kuwa USB-C, kafin wuta ta wuce, sai waya da caja sun yi gaisuwa sun daidaita kan abin da ɗaya ke so da abin da ɗaya ke iyawa, domin bakin nan guda yana iya ɗaukar har wat 240. A igiyar da ke haɗa tsohon baki da sabo, wata 'yar mitsitsiyar tsakuwar lantarki ce ke isar da wannan saƙo. In aka sa wadda ba ita ba, sai ta yi wa waya ƙarya cewa ta ja amfiya 3 daga ramin da bai fi ƙarfin rabi ba, ramin ya yi zafi, wani lokaci ya ƙone.

Wannan ba zato ba ne. Cikin 2015 wani injiniyan kamfanin Google a Amurka, Benson Leung, ya shiga sayen irin waɗannan igiyoyi yana gwadawa yana bayyana sakamako, ya kuwa tarar da yawa sun saɓa ƙa'ida. A farkon 2016 wata daga ciki, wadda aka juya wayoyin cikinta, ta lalata masa kwamfuta, kuma a shekarar ce kasuwar Amazon ta hana sayar da igiyoyin USB-C marasa bin ƙa'ida. A ganina, irin wannan gwaji shi ya kamata hukumar SON ta matsa a kansa tun daga tashar jiragen ruwa, domin mai saye a bakin titi ba shi da hanyar leƙa cikin roba.

Har ila yau akwai wani ɗan mahaɗi, mai tsohon kan USB a gaba da ramin USB-C a baya, wanda ƙa'idar USB ba ta ma yarda a ƙera shi ba, don kuwa da shi ana iya haɗa caja biyu su tura wa juna wuta. Mai karatu ya duba tiren da ya fi kusa da shi, da wuya ya rasa shi a ciki.